Tsakanin Allura Da Man Shafawa

Daga cikin burace-buracen da suka daɗe suna kai-kawo a zukatan likitoci da majinyata baki ɗaya, babu kamar a wayi gari an sami hanyar shigar da magani cikin jinin ɗan Adam ba tare da an huda shi da allura ba. Kuma duk wanda ya taɓa zama gida ɗaya da mai ciwon sukari, ya ga yadda yake ɗage riga da sassafe yana laluben wurin da bai riga ya yi tauri ba a tumbinsa ko cinyarsa, sa'an nan ya sake yi da almuru, yau da gobe har ƙarshen rayuwarsa, ba zai taɓa kiran wannan buri ragwanci ko son jiki ba. A 'yan shekarun nan labari ya yawaita cewa masana sun kusa kai ga gaci, har ana cewa nan gaba kaɗan za a riƙa cusa manyan magunguna irin su insulin cikin man shafawa ko filasta, mutum ya shafa ko ya manna ya kama harkar gabansa. To, da yake labarin ya riga maganin isowa garuruwanmu, kuma tuni waɗansu suka fara cin kasuwa da shi, ya zama wajibi a tsaya a yi tahƙiƙi, a rarrabe abin da ya tabbata daga abin da ake begen tabbatarsa. Abin da nake gani, kuma zan kawo hujjojina a kai, shi ne akwai alheri mai yawa a cikin wannan bincike, musamman ga talakawan ƙasashe masu zafi irin namu, amma ba ta ƙofar da 'yan talla suke nuna mana zai shigo ba.

Da farko sai a san cewa magunguna ba jinsi ɗaya ba ne. Mafi yawan abin da muke saye a kemis, kamar farasitamol da ƙwayoyin zazzaɓin cizon sauro da na hawan jini, ƙananan sinadarai ne da ake haɗawa a masana'anta, kuma saboda ƙanƙantarsu da juriyarsu suna iya ratsa tsamin ciki su fita lafiya su shiga jini. Akwai kuma wani jinsi dabam wanda ba ya haɗuwa ta wannan hanya, sai dai a sa rayayyun ƙwayoyin halitta su ƙera shi, kuma a cikin wannan jinsi ne insulin yake, da ruwan rigakafi, da magungunan garkuwar jiki waɗanda ake yi wa masu sankara da masu amosanin gaɓoɓi. Tun daga watan Janairu na 1922, sa'ad da aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14 mai suna Leonard Thompson allurar insulin ta farko a birnin Toronto na ƙasar Kanada, bisa aikin Frederick Banting da Charles Best da abokan aikinsu, zuwa 1982 da aka amince da insulin irin na mutum wanda ƙwayoyin bakteriya ke ƙerawa, har ya zuwa yau, sama da shekara 100 ke nan, allura ce babbar hanyar shigar da shi jiki. Dalilin hakan kuwa a fili yake: insulin furotin ne, ciki kuwa aikinsa narkar da furotin, kuma ba ya bambance na tsokar nama da na magani, saboda haka in an haɗiye shi ya narke kafin ya yi wani amfani. Wannan ne ya sa hankalin masana ya karkata zuwa ga fata, domin ga ta shimfiɗe a fili, faɗinta ya kusa murabba'in mita 2 a jikin baligi, kuma jijiyoyin jini suna kwance a ƙarƙashinta ba da nisa ba.

Sai dai wanda ya dubi halittar fata da idon basira zai tarar an gina ta ne domin hani, ta tsare ruwan jiki kada ya ƙafe, ta kuma tsare jiki daga dafi da ƙwayoyin cuta. Sashen da ke can sama, wanda hannu yake taɓawa, matattun ƙwayoyin halitta ne da aka jera hawa-hawa, misalin hawa 15 zuwa 20, kaurinsu duka a yawancin jiki bai wuce maikuromita 10 zuwa 20 ba, watau bai kai kaurin silin gashi ɗaya ba. Amma duk da wannan siranta, shi ne ya gagari masu haɗa magunguna shekara da shekaru. Su kansu masanan da ginin tubali suke misalta shi, matattun ƙwayoyin su ne tubalan, wani irin maiƙo da ke tsakaninsu kuma shi ne lakar da ta riƙe su. Mu kuwa da muka tashi muka ga ganuwar Kano da ta Zariya da ta Katsina ba mu bukatar dogon sharhi, domin mun san ganuwa ba ta da mashiga sai ƙofofinta, ƙofofin wannan ganuwa kuwa, watau ramukan gashi da kafofin gumi, in an tara su duka ba su kai kashi 1 cikin 100 na faɗin fatar ba. Duk abin da zai shiga ta sauran wurin, tilas ya bi ta cikin lakar nan, yana lanƙwasa tsakanin tubali da tubali, kuma ba mai iya wannan tafiya sai ƙaramin abu mai jituwa da maiƙo.

Masana suna auna nauyin ƙwayar sinadari da wani ma'auni mai suna dalton, kuma a shekarar 2000 wasu likitocin fata biyu na birnin Amsterdam, Jan Bos da Marcus Meinardi, suka bayyana wata ƙa'ida da ta shahara, cewa abin da nauyinsa ya haura dalton 500 da wuya ƙwarai ya ratsa lafiyayyar fata. Tarihin filastocin magani ya gaskata su. Filastar farko da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita a 1979 ta sikofolamin ce, maganin tashin zuciyar matafiya, nauyinsa 303. Aka bi ta da ta naitirogilisarin ta masu ciwon zuciya, mai 227, da ta fentanil ta kashe raɗaɗi mai tsanani, mai 336, da ta nikotin ta masu son barin taba, mai 162. Dukkansu ƙanana ne, dukkansu kuma ɗan kaɗan daga cikinsu yake isar jiki a yini. Insulin kuwa nauyinsa ya kai 5,800, ya ninka haddin sau goma sha ɗaya da 'yan kai, balle magungunan garkuwar jiki, waɗanda nauyinsu yake kaiwa 150,000. Bayan girman kuma, ga su masu son ruwa da ƙin maiƙo, ga su da saurin lalacewa in zafi ya taɓa su.

A nan ba zan iya wucewa ba sai na ambaci wani abin baƙin ciki da yake faruwa a ɗakunan 'ya'yanmu mata, domin shi ne dalili mafi kusa a kan cewa ƙananan sinadarai suna shiga ta fata haƙiƙatan. Mayukan bilicin da ake shafawa don sauya launi suna ƙunshe da haidirokwinon, wanda nauyinsa 110 ne kacal, da kilobetasol da 'yan'uwansa na jinsin sitiroyid, waɗanda galibinsu ba su kai 500 ba, wani lokaci har da zaiba; waɗannan suna ratsa fata, suna sirantar da ita, suna barin nankarwa da tabo, sitiroyid ɗin yana iya tayar da sukari da hawan jini, zaibar kuma tana lalata ƙoda. Abin da yake cutarwa yana shiga cikin sauƙi saboda ƙanƙantarsa, abin da muke bukata kuwa girmansa ya tsayar da shi a waje.

Da masana suka ga haka sai suka ce, tun da maganin ba ya iya shiga da kansa, bari a nema masa abin hawa. A farkon shekarun 1960 wani Bature masanin jini mai suna Alec Bangham, a cibiyar Babraham kusa da Kambirij a Ingila, ya lura cewa wani irin maiƙo, in aka girgiza shi cikin ruwa, yakan dunƙule ya zama 'yan mitsi-mitsin ƙwallaye masu rami a ciki, waɗanda ake iya cika su da magani. Su ne ake kira laifozom. A 1980 Michael Mezei a Kanada ya gwada shafa su a fata. A 1992 Gregor Cevc a Jamus ya fito da wani nau'i mai taushi, wanda ya ce yana iya matsewa ya bi ta 'yan ƙananan tsaguna. Daga baya aka zo da nau'in da ake cika wa barasar magani don ta sassauta maiƙon fata, aka zo da ƙwallayen roba masu narkewa, da gutsattsarin furotin masu ja wa magani gora, da ruwan gishiri na musamman, ban da masu tura magani da ɗan ƙarfin lantarki ko da girgizar sauti. Ijtihadi ne mai girma, kuma ba a yi asararsa ba, domin ya kyautata magungunan cututtukan fatar kanta, kuma laifozom da danginsa sun yi amfani babba a magungunan da ake shigarwa ta allura. Amma a kan mas'alar da muke magana, watau ɗauke babban furotin daga saman lafiyayyar fata a kai shi cikin jini da yawan da zai warkar, sama da shekara 40 na gwaje-gwaje ba su haifar da ko magani ɗaya da wata babbar hukuma ta amince da shi ba.

Misalai biyu sun isa. A 2016 wasu masana na Jami'ar Kudancin Denmak, da suka dubi fatar mutum da wani madubin bincike mai tsananin ƙarfi, suka bayyana cewa laifozom ba ya ƙetare saman fata yana cikakke, fashewa yake yi tun a bakin ganuwar ya zubar da kayansa, alhali kuwa kamfanonin kayan kwalliya sun yi shekara 30 suna sayar da mai da tsada bisa da'awar cewa ƙwallayen suna nutsawa ciki. A wannan shekara ta 2016 dai, wani kamfanin Amurka mai suna Revance, wanda ya kashe dukiya mai yawa yana neman mai da dafin botulinum, wanda ake allurarsa don gusar da tamojin gefen ido, ya zama abin shafawa ta hanyar haɗa shi da wani ɗan gutsuren furotin mai ja-gora, ya sanar cewa babban gwajinsa na mataki na uku bai yi nasara ba. Ya ajiye man, ya koma ga allura, kuma ta allurar ce ya sami izinin sayarwa a 2022. In har maganin da ɗigonsa kaɗan ya isa aiki, kuma tafiyarsa ba ta wuce tsokar da ke ƙarƙashin fata ba, ya kasa ƙetarewa, to, ina ga wanda ake bukatar ya kewaya jiki duka?

Mai karatu zai ce, to, ina labaran nasara da muke ji kullum a rediyo da intanet? Amsa ita ce galibinsu a kan ɓeraye aka yi su, fatar ɓera kuwa ta fi ta mutum siranta, ta kuma fi ta yawan ramukan gashi nesa ba kusa ba, shi ya sa masu tsantseni daga cikin masana suke jiran a gwada a kan alade, wanda fatarsa ta fi kusa da tamu, sa'an nan a kan mutane kaɗan, sa'an nan a kan mutane masu yawa, kuma a kowane mataki magunguna da dama suna faɗuwa. Ba laifin mai bincike ba ne ya ba da labarin abin da ya gani a ɓera. Laifin na wanda ya cire sunan ɓeran daga labarin ne.

Lalle akwai magungunan jinsin nan da rayayyun ƙwayoyin halitta suke ƙerawa waɗanda ake shafawa kuma an amince da su, kuma a cikin sha'aninsu akwai izina. A 1997 Amurka ta amince da Regranex, wani furotin mai sa tsoka ta tsiro, wanda ake shafa wa gyambon ƙafar masu ciwon sukari. A watan Mayu na 2023 ta amince da Vyjuvek, wanda ake ɗiga wa masu wata cutar gado mai tsanani, wadda fatar yaro take yin bororo tana salewa da ɗan gugar tufafi. A cikinsa an hore wata ƙwayar bairos ta ɗauki lafiyayyar ƙwayar gado ta kai wa fatar don ta ƙera furotin ɗin da ta rasa. Wanda ya lura zai ga dukkansu biyu a kan buɗaɗɗen miki ake sa su, inda ganuwar ta riga ta rushe, kuma aikinsu a nan wurin yake tsayawa. Wanzamanmu na dā, da suke yin tsaga da aska kafin su goga garin magani, sun fahimci wannan asali tun ba a yi madubin bincike ba, ko da yake askar da take yawo daga jiki zuwa jiki ta yaɗa ciwon hanta da waninsa, kuma ba abin komawa ba ce.

Akwai kuma wata mushkila da ta fi ta girman ƙwaya wuyar warwarewa, ita ce ta ƙididdige abin da ya shiga. Insulin magani ne mai kaifi biyu: in ya gaza sukari ya hau ya ci ido da ƙoda da ƙafa a hankali, in ya wuce kima sukari ya faɗi warwas, mutum ya yi gumi ya suma, har ya iya rasa ransa cikin sa'o'i kaɗan, saboda haka ne ake auna shi da ma'auni a jikin sirinji, ɗigo bayan ɗigo. Fata kuwa ba ta zama bisa hali guda, domin ta tsoho dabam da ta yaro, ta tafin hannu dabam da ta ciki, wadda hunturu ya busar ta yi kaushi da faso dabam da wadda gumin bazara ya jiƙa. Hukumar Amurka ta sha gargaɗin masu manna filastar fentanil da su guji zafi, domin zafi yana ƙara yawan abin da yake shiga jini, har an yi asarar rayuka ta haka; sai mu auna da yanayin Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram a watan Afrilu, inda ma'aunin zafi yake haura 40, mutum kuma yana gona ko kasuwa yini zubur. Man da aka gwada a ɗaki mai sanyi a Turai, ko da ya yi aiki can, ba shi da hujja a kanmu sai an gwada shi a nan.

Inda nake ganin hasken gaskiya yake shi ne wurin waɗanda suka daina neman lallashin ganuwar, suka yarda a huda ta, amma huda mai sauƙi wadda ba ta kai ga zafi ko jini ba. Dattawanmu suna ɗauke da shaidar wannan hikima a damtsensu, watau tabon lambar agana: ba a zurfafa allura cikin tsoka ba, ɗan karce saman fata aka yi aka sa ruwan rigakafin, kuma da wannan hanya, musamman bayan ƙirƙiro allura mai baki biyu a shekarun 1960, aka kawar da agana daga doron ƙasa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi shelar haka a 1980. Sirrin kuwa shi ne, a ƙarƙashin mataccen sashen nan akwai tarin ƙwayoyin tsaron jiki, waɗanda Paul Langerhans ya fara ganin irinsu tun 1868, kuma su ne suke ɗaukar labarin baƙuwar cuta su kai wa sauran garkuwar jiki. Shi ya sa ɗan kaɗan na wasu rigakafi, kamar na cizon mahaukacin kare, in aka sa shi cikin fata yakan yi aikin da mai yawa yake yi a tsoka. A 1998 Mark Prausnitz da abokansa a cibiyar fasaha ta Jojiya, a birnin Atlanta, suka nuna cewa ana iya jera 'yan mitsi-mitsin allurai a kan filasta, kowace tsawonta bai kai milimita 1 ba, su huda saman fata ba tare da sun kai ga jijiyoyin zafi masu zurfi ba. Daga baya aka riƙa ƙera su da busasshen maganin kansa haɗe da abin da yake narkewa, in an manna sai tsinin ya narke a cikin fata, a ɓare takardar a yar.

Kuma ba a Turai aka fara tabbatar da wannan a kan jarirai ba, a ƙasar Gambiya aka yi, a cibiyar binciken lafiya ta MRC da ke can, da filastar wani kamfani mai suna Micron Biomedical. An gwada rigakafin ƙyanda da rubela a kan manya 45, da yara 120 masu wata 15 zuwa 18, da jarirai 120 masu wata 9 zuwa 10, ana manna filastar a wuyan hannu na minti 5. Sakamakon da mujallar Lancet ta buga a 2024 ya nuna sama da kashi 90 cikin 100 na jariran da suka karɓi rigakafin ta filasta sun sami kariya daga ƙyanda, dukkansu kuma sun sami ta rubela, daidai da abin da allura take bayarwa, ba tare da wata illa mai tsanani da aka danganta ga filastar ba. Gwaji ne na mataki na farko da na biyu, da sauran babban gwaji a gaba, amma a jikin 'ya'yan Afirka ta Yamma aka yi shi, gani kuwa ya kori ji.

Fa'idar wannan ba za ta bayyana sosai ba sai ga wanda ya san wahalar malamin rigakafi na ƙauye. Ruwan rigakafin ƙyanda yana bukatar sanyi tsakanin ma'auni 2 zuwa 8 tun daga masana'anta har ya iso. Galibi yana zuwa ne a kwalba mai ɗauke da rabon yara 10, busasshe, sai an dama shi da ruwansa na musamman, in kuma an dama to bayan sa'a 6 sai zubarwa. Ka ga malamin ya ɗaure akwatin sanyi a bayan babur, ya ci tafiyar rabin yini cikin yashi, ƙanƙarar tana narkewa, ya iso ruga ya tarar da yara biyu kacal. Ya tsaya yana shawara da zuciyarsa, ya fasa kwalba ya yi asarar rabon takwas, ko ya ce wa uwar ta kawo su asibiti ranar kasuwa, alhali ya san da wuya ta zo. A irin wannan giɓi ne yara suke zubewa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ƙyanda ta kashe mutum 107,500 a 2023, mafi yawansu 'yan ƙasa da shekara 5. Filasta mai rabon yaro ɗaya, wadda ba a damawa, wadda ta fi jure zafi, wadda ba ta barin tsinin allura a juji yara su tsinta, wadda kuma mai ɗan horo kaɗan zai iya mannawa, za ta toshe wannan giɓi fiye da kowace irin lacca ta wayar da kai.

Sai dai adalci ya sa a faɗi iyakarta. Tsinin da bai kai milimita ba ɗan abin da yake iya ɗauka kaɗan ne, ya isa rigakafi, wanda ake aunawa da maikurogiram, amma bai isa magungunan garkuwar jiki ba, waɗanda allura ɗaya takan ɗauki miligiram 40 ko fiye. Insulin kuma, ko da zai shiga cikin tsinin, matsalar daidaita shi da abin da mutum ya ci tana nan. Abin da ake kira filastar insulin a ƙasashen masu arziki kuwa ɗan famfo ne da ake mannawa, yana da siririn bututu da yake shiga ƙarƙashin fata. Allura ce dai a cikin wata riga.

Ta fuskar shari'a babu wani ƙunci a cikin al'amarin. Malamanmu na Malikiyya tun dā sun tattauna hukuncin man da mai azumi ya shafa a ka ya ji ɗanɗanonsa a maƙogwaro, wanda yake nuna mas'alar shigar abu ta kafofin fata ba baƙuwa ba ce a littattafan fiƙihu. A zamaninmu kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1997, ta yanke cewa abin da jiki yake tsotsa ta fata, na mai ko na filastar magani, ba ya karya azumi. Inda shari'a take da magana mai zafi shi ne wurin ciniki. Yau a Facebook da WhatsApp da motocin masu lasifika a tasha ana tallan filastar da ake mannawa a cibiya ko tafin ƙafa, da man da ake murzawa, ana rantsuwa sun maye gurbin insulin, ana kuma ƙawata tallan da kalmomin da aka tsinto daga binciken gaskiya. Wannan algus ne da cin dukiyar mutane da ɓarna, kuma ya fi algus ɗin mudu muni, domin wanda aka tauye wa hatsi ya yi asarar kuɗi, amma yaro mai ciwon sukari irin na ƙuruciya, in aka janye masa allura aka manna masa takarda, kwanaki kaɗan suka rage masa kafin doguwar suma. Hukumar NAFDAC tana da ikon kamawa da hukuntawa, gidajen rediyon da suke karɓar kuɗin irin wannan talla kuma suna da kaso a cikin alhakin.

Abin da ya rage shi ne matsayinmu a cikin binciken kansa. Mutanen Kano ba su manta da 1996 ba, sa'ad da aka shigar da yara kimanin 200 cikin gwajin maganin Trovan a tsakiyar annobar sanƙarau, aka yi ta shari'a a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata, kuma wannan tabo yana cikin abubuwan da suka sa aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. Darasin da ya kamata a ɗauka daga nan shi ne a tsaurara sharuɗɗan gwaji, a yi bayani da Hausa, a nemi izini a sarari, likitocinmu su zama su ne a kan gaba. Amma in muka rufe ƙofa gaba ɗaya, za a ƙera filastar da awon fatar wasu da yanayin ƙasarsu, sa'an nan a kawo mana ita a makare da tsada. Muna da tsangayar haɗa magunguna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da cibiyar binciken magunguna ta NIPRD a Abuja, kuma tambayoyin da suka fi kowa cancantar amsawa suna gabansu: yaya filasta take riƙe jiki mai gumi, yaya hunturu yake sauya shigar magani, kwana nawa take jurewa a shagon da ba firji? Abin da Gambiya ta iya, da ƙanƙantarta, bai kamata ya gagari Nijeriya da Nijar ba, kuma ya kamata gwamnonin Arewa su nemi a kawo babban gwajin filastar ƙyanda jihohinsu, tun da nan ne cutar ta fi yin ɓarna.

Kai kuma mai ciwon sukari, ko mai jinyar ɗansa ko mahaifinsa, ka ci gaba da allurarka kamar yadda likita ya tsara maka, ka riƙa sauya wurin huda, ka adana kwalbar a firji, in babu kuma a cikin sanyin randa, nesa da rana. Duk wanda ya zo maka da mai ko filasta ya ce ka ajiye sirinji, kada ka ba shi ko kwabo, ka ɗauki kwalin ka kai wa likitanka ko ofishin NAFDAC mafi kusa da kai.